Kawun Takarda

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi kowa zai koma. Wata Talata da hantsi, ina cikin aji a Mirriya ina duba rubutun yara, aka bugo mini waya daga Zango aka ce Kawu ya cika. Na ajiye alli, na bar wa madam ɗin ajin da ke kusa yarana, na shiga motar Zinder. Kafin in iso har an kai shi makwancinsa an dawo.

Ban yi kuka a mota ba, ban kuma yi ba da na shiga gidan na tarar da mata maƙil a tsakar gida. Mutum ne da ya tsufa tukuf, ya ga tattaɓa-kunnensa, jinyarsa kuma ba ta wuce kwana uku ba. Irin wannan tafiya addu'a take so. Abin da ya sa ni hawaye, ya kuma sa na ɗauki biro, shi ne abin da kunnena ya jiyo mini daga zaure ranar sadakar uku.

Tawaga ce ta zo daga lakwal ɗin unguwa, wato makarantar boko. Darektan yanzu matashi ne, ban ga laifinsa ba, abin da aka rubuta masa ya karanta. Ya ce marigayi yana cikin dattawan da suka taimaka wa Alhaji lokacin da Alhaji ya kafa lakwal ɗin nan a shekarun fari. Alhajin da yake nufi shi ne attajirin da sunansa ke rubuce a allon ƙofar lakwal ɗin, wanda ya rasu tuntuni. Sai na jiyo muryar ɗan Alhajin yana cewa mahaifinsa da marigayi bakinsu ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe. Maza suka amsa, "Haka ne, haka ne, Allah ya jiƙansu."

Wata tsohuwa da ke kusa da ni, wadda muka shigo garin nan tare da ita a shekarar yunwa, ta daina jan carbi ta dube ni.

"Kin ji?" ta ce. "Wai taimako ya yi."

"Na ji, Gwaggo."

"To, ke kika yi lakwal. Mu bakinmu bai kai zaure ba."

Ga shi kuwa ina rubutawa, kuma ba zan ɓoye ba, da ɓacin rai nake rubutawa. Mutum ya mutu, a ce ba za a bar masa ko gaskiyar abin da ya aikata ba? Wanda ya ji haushina ya same ni a Mirriya, ajina yana kallon hanya.

Kawu ba ƙanin uwata ba ne, ba wanta ba ne. Babu jinin da ya haɗa mu. Dillalin awaki da tumaki ne a kasuwar dabbobi, dogo, siriri, kullum da igiya a ɗaure a ƙugu ko masallaci zai je. Bai san a ba, bai san ba ba. Amma shi iyayen yara suka zaɓa ya zama shugaban komitensu, parzidan kamar yadda ake kiransa, domin shi ya fara kafa dirkar rumfar zana a filin da lakwal ɗin take, tun kafin a san za a yi gini.

Lakwal ɗin nan ba irin sauran ba ce. Ta gwamnati ce, kyauta ce, gwamnati ke turo mushe, wato malami, ita ke ba da littattafai ta kuma yi jarrabawa. Amma iyaye ne suka gina, su ke riƙe da ita. Akwai takarda tsakanin komiten iyaye da buro, wato ofishin sufeton lakwal, ana sabunta ta duk shekara. Iyaye su kula da gini da abinci da ɗaukar yara, su kuma faɗi yadda suke so a tafi da karatun, shi ya sa a can ake fara koya wa yaro baƙi da Hausa kafin a kai shi ga Faransanci. In sufeto ya ga abin ya lalace, sai ya janye mushensa. Sauran lakwal kowace ta unguwarta ce. Wannan kuwa takardarta ta ce ta duk yaron da ke zaune cikin yankin da sufeton ke dubawa ce, ko daga wace unguwa yake. Kawu ya sa an karanta masa wannan wuri sau uku, aka fassara masa, ya haddace shi.

Mu daga wani ƙauye muka fito, bayan Tirmini. Damina biyu a jere geronmu ya ƙone tun bai yi kai ba. Mahaifina ya kora ragowar awakinmu ya yi kudu, ya ce zai aiko, har yau ba mu ji labarinsa ba. Inna ta goya ƙanwata, ta riƙe hannuna, muka bi ayarin masu zuwa birni. Muka kafa bukkar tsumma da kara a bayan Zango, tare da sauran irinmu. Anza muke jiƙawa kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, in an samu dusa a dama. Mutanen gari suna kiranmu baƙin yunwa, kuma ba ƙarya suka yi ba.

Lakwal ɗin tana da kantin, wato wurin ciyar da yara. Da azahar ana dafa jar dawar nan ta taimako, a zuba mai kaɗan, kowane yaro ludayi guda. In iska ta juyo, ƙamshin har bukkarmu yake zuwa. Kada wani ya ce mini Inna ta kai ni ne don in zama madam. Ta kai ni ne don in ci sau ɗaya a rana, in rayu har damina. Wurin zama a bencin nan, a shekarar nan, rai ne.

Ranar ɗaukar yara aka jera mu a rana. Ba mai takardar haihuwa a cikinmu, don haka sai a gwada shekaru yadda aka saba: yaro ya ɗora hannun dama bisa kansa ya kamo kunnen hagu. In ya kamo, ya isa lakwal. Yaran gari suna ta kamowa. Da aka zo kaina na miƙa, na miƙa, har na karkatar da wuya, yatsuna suka tsaya can saman kai.

"Wannan ba ta isa ba," in ji mushen da ke rubuta suna. "Sai baɗi."

"Mushe, wallahi ta cika bakwai," Inna ta ce. "Shekarar da aka gina rijiyar garinmu na haife ta."

"Sai baɗi, na ce. Na gaba."

"Baɗi kuma? Wa ya ce maka za ta kai baɗi?"

A nan na fara jin muryar Kawu. Yana zaune a gindin dogonyaro, ya taso yana kakkaɓe riga.

"Mushe, dakata. Ni akuya ba ta taɓa ɓoye mini shekarunta ba, balle ɗiyar mutum." Ya durƙusa a gabana, ya kama haɓata da yatsu biyu masu warin tumaki. "Buɗe baki mu gani."

Na buɗe. Haƙoran gaba na sama biyu sun faɗi, na ƙasa sababbi sun fito.

"Ka gani? Ta yi famfara. Bakwai ce cif. Yunwa ce ta hana hannun tsawo, haƙori kuwa bai san da yunwa ba. Duk wanda ka mayar, kira shi ya dawo."

Haka aka dawo da yaran bukkoki da aka kora tun safe, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana duba baki kamar a kasuwa. Mata suna dariya suna share hawaye. Wannan kalma tasa, buɗe baki mu gani, har ya tsufa bai bar ta ba. In wani ya zo neman auren jikarsa, ko ɗan siyasa ya zo neman ƙuri'a, ita yake fara jefa masa, mutum ya rasa dariya zai yi ko fushi.

Saura magana ɗaya. Takarda tana son sunan mai riƙon yaro wanda ke da gida tsayayye a yankin, mu kuwa bukkarmu ko ƙofa ba ta da shi. Kawu ya ce a rubuta shi kawun yarinya ne, ya dangwala yatsa a tawada ya danna. Aka kawo na biyu ya danna, aka kawo na uku ya danna. Darektan wancan lokaci ya ɗaga kai ya ce, "Parzidan, wai ƙannenka mata nawa ne?"

"Duk wadda ta sha ruwan randata," ya ce. "Kawo takardar."

Tun daga ranar nake ce masa Kawu. Yaran gari suna yi mana ba'a suna cewa kawun takarda ne, mu kuwa ko a jikinmu.

Sai ga rigima. Da aka gama rubuta suna, yara sun ninka wurin zama. Komite ya zauna bayan la'asar a gindin dogonyaron nan, mata da yawa suna leƙe ta katanga, Inna tana cikinsu. Alhaji, wanda shi ya ba da kwanon rufin azuzuwa biyu, ya ce a fara da 'ya'yan waɗanda suka yi aikin ginin, in wuri ya rage a ba baƙi. Zan yi masa adalcin da ɗansa bai yi wa Kawu ba: maganarsa ba ta banza ba ce. Mutanen unguwa sun kwaɓa ƙasa, sun ɗebo ruwa a ka, wasunsu ma tukunyarsu ba kullum take hawa murhu ba. Amma bai tsaya nan ba.

"Waɗannan da ruwa ya sauka komawa za su yi," ya ce. "Ba karatu ya kawo su ba, tuwo suka zo ci."

"To su ci mana," in ji Kawu. "Naka da suka ƙoshi, me suka karanta?"

Aka yi dariyar da Alhaji bai taɓa mantawa da ita ba.

"Takarda ta ce duk yaron da ke zaune a yankin nan," Kawu ya ci gaba. "Ni na danna mata yatsa. In kuna son lakwal ta 'ya'yanku kaɗai, ku mayar wa gwamnati mushenta da dawarta, ku nemo naku. In ba haka ba, ƙuri'a za a yi, kowa da kowa."

"Har da 'ya'yan komite?" wani ya tambaya, domin a al'ada 'ya'yan 'yan komite ba sa shiga layi.

"Har da tawa," ya ce.

Yana da 'yar auta, sa'ata, wadda ita ma a shekarar ta isa lakwal. An riga an saya mata allo da jakar saƙa.

Washegari aka kawo tulu mai ƙaramin baki. Aka zuba 'ya'yan tsamiya daidai yawanmu, an shafa wa wasu farar ƙasa daidai yawan wuraren zama. Yaro ya zura hannu ya zaro ɗaya. Fari ya shiga aji, baƙi ya koma gida. Na zura hannuna, na zaro baƙi. Inna sai ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Auta ma baƙi ta zaro.

Ana shirin watsewa darekta ya ja Kawu gefe, amma ba nesa ba, muna ji. Ya ce bencin baya zai iya ɗaukar mutum huɗu maimakon uku in an matsa, a sa 'yar parzidan, ba wanda zai ce uffan. Gaskiya ne kuma, ba wanda zai ce. Har Alhaji ya gyaɗa kai.

"Ashe akwai sauran wuri ɗaya?" Kawu ya ɗaga murya. "Jama'a, ku dawo. A kawo tulun."

Aka mayar da baƙaƙen duka, aka jefa fari ƙwaya ɗaya. Muka sake layi, mu da muka faɗi. Ina gaban Auta, ina jin numfashinta a ƙeyata. Na zura hannu, na buɗe tafina, sai ga fari. Ita ko hannu ba ta samu ta sa ba. Wurin da na zauna shekara shida, nata ne, an miƙa wa ubanta shi a hannu ya mayar cikin tulu. Cikin waɗanda suka koma bukkoki a ranar akwai waɗanda ba su ga damina ba, na san su, na san uwayensu.

Matarsa, Iya, ta yi wata guda ba ta yi masa magana ba sai ta bakin yara. Da Inna ta je godiya, a ƙofa ta tare ta.

"Godiyar me? Je ki, 'yarki ta ci."

Bayan mako ɗaya sai ga allo da jakar saƙa an aiko mini da su daga gidan. Saƙon da ya biyo su shi ne ba don ni ba ne, don kada a yi asarar kayan ne. Allah ya jiƙan Iya, bakinta da zafi, amma ba ta taɓa bari na fita gidanta da yunwa ba.

A shekarar kasuwar dabbobi ta mutu, tunkiya ba ta da mai saye, saboda haka kusan kullum Kawu yana lakwal. Yakan tsaya a bakin tukunya lokacin rabo, hannu a baya. Wata rana ya lura mai dafuwar tana da ludayi biyu, babba na yaran gari, ƙarami namu. Bai yi faɗa ba. Ya karɓi ƙaramin, ya juya shi yana dubawa kamar mai son saye, ya ajiye a ƙasa ya taka. "Wannan ya tsufa," ya ce, ya koma inuwarsa.

Dokar kantin ita ce a ci a nan, ba a fita da abinci. Ni kuwa rabi nake ci, in dunƙule rabi in cusa a jakar in kai wa ƙanwata. Ranar nan ina fita ya tare ni, mai ya ɓata gindin jakar har yana ɗiga. Na tsaya cak.

"Jakar nan taki tana yoyo," ya ce. "Gobe ki zo da ganye ki shimfiɗa a ciki." Ƙanwata tana nan da ranta, 'ya'yanta biyar.

Yakan kuma shigo aji ya zauna a baya, ya ce a miƙo masa kaye, littafin rubutun yara. Ba ya iya karanta komai, jan biron mushe yake dubawa. In ja ya yi yawa a shafi sai ya ce, "Wa ya yanka kaza a nan?" In ya ga rubutuna a allo ya nuna da yatsa ya ce, "Wannan tsutsar me ta ce?" In karanta masa, ya gyaɗa kai kamar dama ya sani, yana gwada ni ne kawai.

Yanzu na zo inda jinina yake tafasa. Da shekara ta zagayo za a sabunta takarda, sai aka ce buro yana son parzidan mai sa hannu da biro, yatsa ba ya yi. Yatsan da ya yi aiki tun ana rumfar zana, a rana ɗaya ya daina yi. Wa ya kai wannan shawara buro, kowa a Zango ya sani. Aka zaɓi Alhaji. Aka ajiye tulu, aka ce 'ya'yan masu gini su ne gaba. Mu da muke ciki ba su iya fitar da mu ba, domin sunanmu ya riga ya shiga babban littafi. Sufeto kuwa, da aikinsa ne ya ga an bi takardar, yana can yana shan iska.

Ranar ɗaukar yara Kawu ya riƙo hannun Auta ya shiga layi kamar kowa, tunda shi ma mai gini ne. Ina tsaye a bakin ajinmu ina kallo. Ta ɗora hannu ta kamo kunne har da rara. Mushe ya ɗauki biro zai rubuta, sai Alhaji ya ce daga kan kujerarsa, "Dakata tukuna. Yarinya, buɗe baki mu gani."

Ta dubi ubanta, ta buɗe.

"Ai haƙoran nan sun cika," Alhaji ya ce. "Wannan ta wuce takwas. Doka ta ce bakwai. Ko ba haka ka koya mana ba, Dillali?"

Manyan mutane, masu gemu, iyayen yara, suka yi dariya a kan yarinya da bakinta a buɗe. Wasu daga cikinsu suna zaure ranar sadakar uku suna cewa haka ne, haka ne. Kawu ya ce mata, "Rufe bakinki, mu tafi." Ya kai ta lakwal ɗin wata unguwa aka ce ta cika, kuma shekarun sun wuce. Ya je buron sufeto sau uku ya wuni a benci, kullum sai a ce masa mai wurin ya fita. Daga nan ya haƙura. Bai sake taka filin lakwal ɗin ba har ya koma ga Allah, in hanya ta biyo da shi ta nan sai ya zagaya ta bayan masallaci. Wannan shi ne bakinsu ɗaya da aka faɗa a zaure.

Ba su kaɗai nake jin haushi ba. Na daɗe ina jin haushin Kawu shi kansa, ko da yake ni na ci ribar abin. Ranar da na gama karatun koyarwa na kai masa takardata ya taɓa, sai maganar ta kuɓuce mini.

"Kawu, me ya sa ba ka karɓi wurin nan ba? Naka ne aka ba ka. Me Auta ta yi?"

Ya daɗe yana murza igiyar ƙugunsa.

"Ita tana da tuwo a gida, ku ba ku da shi. Na ɗauka baɗi tana nan tana jiranta." Ya saki igiyar. "Tulun, ko yau aka dawo zan sake kiransa. Amma ban tambaye ta ba, ban ko dube ta ba a ranar. Wannan nawa ne. Kada ki ɗauka, ba kayanki ba ne."

Na ɗauka duk da haka. Auta ta girma ta zama mai alkakin da duk bikin da ba a ci nata ba a Zango bai cika biki ba. Tana da gidanta, ta sa 'ya'yanta mata duka a lakwal, ba ta neman komai a wurin kowa. Amma shekara da shekaru gaisuwarmu ba ta wuce ina kwana da ina gajiya ba. In zan shiga gidan nakan tura biro can ƙasan jaka. Ban taɓa karanta ko takardar magani a gabanta ba.

Da na fara wannan rubutu, duk inda sunanta ya shigo na tsallake. Na rubuta kunne da haƙori da ludayi, na zagi waɗanda suka cancanci zagi, na rufe da addu'a: Allah ya jiƙan Kawu, ya yi masa sakayya da abin da mutane suka hana shi, ya ciyar da shi kamar yadda ya tsaya a bakin tukunya don 'ya'yan da ba nasa ba, ya haskaka kabarinsa. Na ɗauka na gama.

Ranar sadakar bakwai, da rana, na ɗauki jakata zan tafi tasha, sai Auta ta kira ni daga rumfar da take suya.

"Madam, zo nan. An ce kina rubutu a kan Baba. Zauna ki karanta mini."

Na zauna a kan turmi na karanta. Tana juya alkaki a mai, ba ta dube ni ba har na kai amin.

"Kin gama?"

"Na gama, Auta."

"Ina tulu na biyu? Ina ranar da aka ce in buɗe baki?"

"Na ga kamar ba za ki so a tayar da shi ba."

"Su sun share shi, ke kuma kin share ni. Meye bambancinku?" Ta tsame alkakin ta ajiye. "Mayar da ni ciki. Kuma ki daina sunkuyar da kai in kin gan ni, abin yana ba ni haushi. Hannu kika sa a tulu, ba sata kika yi ba."

Ta rage wutar, ta goge hannu a zane.

"Akwai abin da ba ki sani ba. Watan jiya ya zo nan da sandarsa, ya zauna inda kike zaune. Ya ce, Auta, ki yafe mini lakwal. Tun da nake bai taɓa ambaton maganar ba sai ranar. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni. Na ce, Baba, ni na jira shekara arba'in, kai ma ka ɗan jira. Ya yi dariya ya ce to. Na ce a raina sai Salla in faɗa masa." Ta share ido da bakin mayafi. "Ɗauko biron naki, na san yana ƙasan jaka. Rubuta cewa na yafe. Ki sa shi a cikin takardar tasa, inda kowa zai gani."

Na buɗe kaye a kan gwiwata na rubuta: Na yafe.

"Nuna mini wurin."

Na miƙa mata, na sa yatsa a ƙarƙashin kalmomin biyu. Ta karɓa da hannu biyu, ta matso da shi kusa da fuska, ta daɗe tana kallo.

"Ashe ɗan wannan ne," ta ce.